Azumin Munawwara

A Jajaye idan aka ce gidan Tani mai man gyaɗa ba wanda zai nemi kwatance. Ta fi shekara ashirin tana soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Mijinta Malam Sulle shi ke noma gyaɗar, da dawa, a gonarsu ta bakin rafi. 'Ya'ya biyar ta raina, kuma duk wanda ya shigo gidan, ko aiko shi aka yi, ba ya fita bai sa wani abu a baki ba.

Munawwara ce ta uku, ita ce kuma ta yi boko mai nisa a cikin matan gidan. Ta yi makarantar kwana, ta wuce Kano ta yi karatun koyarwa, ta dawo aka ɗauke ta aiki a wata firamare a Rogo. A can take zaune, gidan babban yayanta Yusha'u mai gyaran babur. Shekararta ashirin da huɗu. Duk Juma'a take zuwa gida, kuma duk Juma'a sai Tani ta ga kamar an ƙara rage ta. Wuyanta ya yi tsawo, zoben da take sawa ya koma babban yatsa. Idan an tambaye ta sai ta ce wahalar yara ce. Amma tana cin abinci. Tani za ta zuba mata tuwo, ta cinye, ta sha ruwa, ta ɗauki buta ta zagaya.

Wata Laraba ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo tana tsakiyar koyar da lissafi. Hedimasta ya kira Yusha'u, aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Matar Yusha'u da ta koma gida ɗauko mata kayan sawa ta buɗe akwatinta, sai ta tarar da kwalaben maganin tari jere a ƙasan kaya, an nannaɗe su da zani, duk ba komai a ciki. Akwai kuma wasu ƙwayoyi a cikin safa.

Aka dawo da ita Jajaye ba tare da an gaya wa kowa dalili ba. Malam Sulle ya kira mai ruƙiyya ya yi kwana uku yana karatu. Munawwara ta yi ta rawar jiki da gumi da zawo, tana cewa ƙasusuwanta ake sara. Da ta ɗan ji dama, a mako na uku, ta ce za ta je gaida ƙawarta a Fulatan, ta dawo idanunta a lumshe, maganarta tana ja. Wani maƙwabci da ya fahimci abin da ake ciki ya ba Malam Sulle shawarar gidan da ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Malam Sulle ya ce shi kam ba zai kai 'yarsa mace a ɗaure ta kamar akuya ba, ko me ta sha.

Yusha'u ne ya ji labarin wani gida a Karaye daga bakin wani da ya kawo masa gyara. Tsohon gida ne a bayan gari, kan hanyar Kafin Dafga, da bishiyoyin mangwaro a tsakar gida. Mata kawai ake karɓa, gado goma sha biyu. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, Sista Adawiyya, ita ke riƙe da shi, likita kuma yana zuwa daga Kano duk Talata. Aka kai Munawwara, ta sa hannu da kanta a takarda, aka ce iyayenta su dawo bayan mako biyu.

Ranar da mako biyun ya cika Tani ta yi sammako ta dafa dambun zogale, ta soya kaza, ta ƙulla fura da ƙuli-ƙuli. Yusha'u ya ɗauke ta a babur. A bakin ƙofa wata mata mai suna Zuwaira, mai dafa abincin gidan, ta gaishe ta da fara'a, ta karɓi kwanukan ta yi kicin da su. Tani ta bi kwanukan da kallo. Aka shigar da ita da Yusha'u ofishin Sista Adawiyya, doguwar mata mai tabarau, wadda ta gaishe ta har da tambayar gona da mutan gida kafin ta shiga magana.

"Inna Tani, maganin tarin ya fita daga jikinta, ta sha wuya amma ta daure. Sai dai ciwo biyu 'yarki take da shi. Na biyun ma ya girmi na farkon."

"Gyambon ciki ne ko? Dama na faɗa."

"A'a. Ciwon cin abinci ne. Tana tsoron abinci. Idan ba kowa sai ta wuni ba ta ci ba, idan kuma an sa mata ido ta ci, sai ta zagaya ta sa yatsa ta amayar."

Tani ta dubi Yusha'u, shi kuma ya dubi ƙasa.

"Sista, ai a gabana take ci. Da hannuna nake zuba mata."

"Idan ta gama ina take zuwa?"

Tani ta tuna butar.

"To me ya sa? Abincin ne ba ta so? Ko sammu aka yi mata? Mutum da hankalinsa ya ci abinci ya zubar?"

"Gani take ta yi ƙiba."

"Ƙiba? Munawwara? Wadda iska za ta ɗauka?"

"Idan ta duba madubi ba abin da ke da ni muke gani take gani ba."

Sista Adawiyya ta yi bayani mai tsawo. Ta ce ciwo ne sananne, yana da suna a littattafan likitoci, kuma shi da shaye-shayen a ɗaure suke, idan aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya sai wanda aka bari ya jawo ɗan'uwansa. Ta ce a gidan sau shida ake cin abinci a rana, kaɗan-kaɗan, a kan lokaci, kowa da ma'auninsa, shi ya sa ba a kai wa kowa abincin waje. Bayan an ci ana rufe banɗaki na awa guda. Idan za a auna nauyin Munawwara, baya take juya wa sikelin don kada ta ga lambar.

Tani tana ta gyaɗa kai, amma kalmomin wucewa kawai suke yi. Ita ta san yunwa. Ta san shekarar da fari ya sa suka ci dusa. Ta san matan da ke shan ƙwaya don su yi jiki kafin biki. Ba ta taɓa jin wanda abinci yake gabansa, lafiyayyen abinci, yake gudunsa ba.

"Abu ɗaya zan roƙe ki," in ji Sista. "Kada ki yi mata maganar jikinta. Ko ta rame ko ta murmure, kada ki ce komai. Kada kuma ki ce ta ci."

"To me zan ce mata?"

"Ki ba ta labarin gida."

Ta ba ta labarin gida. Suka zauna a ƙarƙashin mangwaro, Tani ta faɗi wadda ta haihu da wanda ya rasu da yadda gyaɗa ta yi bana. Munawwara tana sanye da rigar sanyi a tsakiyar rana, tana amsawa da to, da Allah sarki. Da Tani za ta tafi Zuwaira ta miƙo mata kwanukanta a wanke, ta ce an raba dambun a abincin rana, kowa ya yaba. Tani ta so ta tambaya ko 'yarta ta ci, ta rasa ko an yarda ta tambaya.

A gida Malam Sulle ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ni fa maganin tari na kai ta a raba ta da shi. Wannan kuma daga ina?" Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Zuwa na uku, bayan mako shida, Munawwara ce da kanta ta fito tarbarta. Ta cire rigar sanyin, ta yi kitso, fuskarta ta ciko. Daɗi ya kama Tani, maganar ta fito kafin ta tuna.

"Masha Allah! Kin ga yadda kika yi kumatu? Yanzu kika dawo mutum!"

Munawwara ta yi murmushi, ta kai hannu ta taɓa kumatun. Suka yi hira kamar kullum. Bayan kwana biyu Sista ta kira wayar Yusha'u ta ce tun ranar Munawwara ta ƙi cin komai, an kuma same ta a bayan tankin ruwa tana amai. Ta ce ba laifi take ɗora wa kowa ba, irin wannan yana faruwa, amma tana so Inna ta zo su zauna su uku.

Tani ta kwana biyu ba ta soya gyaɗa ba. Yabo ta yi. Duk duniya idan ka ga marar lafiya ya murmure abin da kake faɗa ke nan. Idan yabo yana sa ciwo, to da wane baki za ta yi wa 'yarta magana?

A zaman ne ta fara jin labarin daga bakin Munawwara. Ta ce tun tana aji huɗu a makarantar kwana abin ya fara. Lokacin tana da jiki, 'yan ɗakinsu suka sa mata suna Tunkuza, saboda an san sana'ar gidansu. Wata babbar ɗaliba ce ta nuna mata yadda ake yi da yatsa. Da farko sai ranar da aka ci shinkafa take yi, daga baya kullum. A Kano maƙogwaronta ya fara ciwo saboda aman, tana tari, ta je kemis aka ba ta maganin tari.

"Da na sha sai na ji yunwar ta tafi. Kuma muryar ta yi shiru."

"Wace murya?"

"Wadda take ce min na ci da yawa. Take ƙirga min loma."

Tani ta juya da sauri. "To Sista, ai ga shi ta faɗa da bakinta. Aljani ne."

"Ba aljani ba ne, Inna," in ji Munawwara. "Muryata ce. Ni ce."

"Ke ce kike hana kanki, ke ce kuma kike jin yunwar?"

"E."

"To wacce ce ke a ciki?"

Munawwara ta fashe da kuka, Tani ma ta fashe da kuka, Sista ta bar su suka yi. A kan babur a hanyar komawa Tani ta yi ta lissafin shekarun. Takwas. Shekara takwas tana zuba wa yarinya tuwo tana murna ta cinye.

Abubuwa suka ɗan daidaita. Munawwara ta koma cin abincinta shida, ta fara koya wa biyu daga cikin matan gidan karatu da rubutu. Sai azumi ya matso.

Saura kwana uku a ga wata ta kira babanta a wayar Yusha'u, ranar da ya je gida. Tana kuka ta ce likita ya hana ta azumi. Ta ce tun tana shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa shan azumi da gangan ba, ta ce yanzu da ta tuba ta daina shan abin da take sha, yanzu ne take son ta tsaya gaban Allah da tsarki, shi ne za a sa ta cin abinci da rana tsaka kamar wadda ba ta da addini. Ta ce ya zo ya ɗauke ta.

Malam Sulle mutum ne mai sanyi, amma ranar Tani ta ga ransa ya ɓaci. Ya ce an rufe wa 'yarsa banɗaki ya yi shiru, an hana ta abincin uwarta ya yi shiru, amma ba za a shiga tsakaninta da Ubangijinta ba. Ranar ɗaya ga azumi ta faɗo Talata. Suka hau mota shi da Tani suka tafi Karaye, ya ce ta ɗauko buhun da za a zuba kayan yarinyar.

Likitan, Dakta Nuruddeen, saurayi ne siriri, shi ma da azumi a bakinsa. Ya durƙusa ya gaida Malam Sulle, ya ɗauko takardar gwajin jini. Ya ce aman da ta daɗe tana yi ya zubar da wani gishiri da zuciya take aiki da shi, har yanzu bai koma daidai ba, idan ta wuni ba ci ba sha zuciyar tana iya tsayawa. Ya ce ko da jinin ya gyaru ma ba zai so ta yi bana ba.

"Baba, mai wannan ciwon yunwa daɗi take yi masa. Idan ta wuni da yunwa kwana talatin, duk abin da aka gina a wata uku zai rushe. Kuma idan aka sha ruwa ta ci da yawa, amai za ta koma. Idan ta koma amai, kwalbar ba ta da nisa."

"Kana nufin azumin da take so ba don Allah ba ne?"

"Ban ce haka ba. Ban san zuciyarta ba. Jikinta na sani."

Malam Sulle ya miƙe ya ce zai je ya dawo. Ya shiga gari ya nemi wani malami da ya sani tun suna samari, wanda yake karantarwa a zaurensa kusa da kasuwa. Ya fi awa bai dawo ba. Da ya dawo ya zauna a kan benci kusa da Tani ya cire hula ya riƙe.

"Me ya ce?"

"Shi ma bai taɓa jin ciwon ba. Sau uku yana sa ni in maimaita. Amma ya ce idan likita Musulmi amintacce ya ce azumi zai cutar da ita, to ta sha, ta rama idan ta warke. Ya ce idan ta yi a haka ma tana iya yin laifi." Ya juya hular. "Na zo in cece ta daga masu hana ta ibada, yanzu an ce ni zan ce mata ta ci. Ni ban gane ba, Tani."

Aka kira Munawwara. Tun asuba ba ta karɓi komai ba, leɓɓanta sun bushe. Babanta ya gaya mata abin da malamin ya ce, yana magana yana kallon hularsa. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta dubi Sista.

"Kun haɗa baki."

"Ba wanda ya haɗa baki," in ji Sista. "Da hannunki kika sa hannu kika shigo, ƙofar nan kuma ba a kulle take ba. Ina roƙonki ki zauna. Amma ba zan riƙe ki ba."

Munawwara ta shiga ɗaki ta sako hijabi ta fito, ta wuce su ta buɗe ƙofar gidan. Malam Sulle ya yunƙura, Sista ta ce ya bari mace ta bi ta. Tani ta ja mayafi ta bi bayanta.

Rana ta take sosai. Munawwara tana tafe a gefen titi wajen cikin gari, Tani tana biye da ita da 'yar tazara, ba ta kira ta ba. Suka wuce masu faci, suka wuce wani injin niƙa. Wajen kwanar tasha akwai kemis, ƙofarsa a buɗe, mai shagon yana kwance a kan benci ya rufe fuska da hula. Nan Munawwara ta tsaya. Ba ta shiga ba, ba ta wuce ba. Ta tsaya kawai tana kallon kantocin.

Tani ta ƙaraso ta tsaya a gefenta. Duk maganar da ta zo bakinta sai ta ji tana tsoronta. Idan ta ce kada ki shiga, wataƙila shi zai sa ta shiga. Idan ta ce mu je gida ki yi azuminki, likita ya ce zuciya. Idan ta ce mu koma ki ci abinci, an ce kada ta ce ta ci, kuma yau ɗaya ga Ramadan, da wane baki uwa za ta faɗi haka a bakin titi? Akwai wani dakali a inuwar shagon da ke kusa, ta je ta zauna.

"Ni kam na rasa abin da zan ce miki," ta ce. "Duk abin da na faɗa ciwo yake zama. Zan dai zauna a nan."

Munawwara ta daɗe a tsaye. Wani mai babur ya rage gudu ya tambaya ko tafiya ce, sannan ya wuce. Can ta zo ta zauna a ɗaya gefen dakalin.

"Da asuba da na yi niyya," ta ce, "daɗi na ji. Na ce yau ba wanda zai sa ni cin komai, kuma ba wanda zai ce na yi laifi. Sai kuma na ji tsoro. Inna, ban sani ba ko don Allah nake so ko don abin nan nake so. Da nake kuka a waya da gaske nake. Wallahi da gaske nake. Amma ban san wacce take kukan ba."

"Ni ma ban sani ba."

"Ke ba kya ganewa idan kin kalle ni?"

"Da ina ganewa da ban shekara takwas ina kallonki ba."

Mai kemis ya farka ya dube su, ya gyara kwanciya. Aka fara kiran azahar a masallacin tasha.

"Kowa yana azumi," in ji Munawwara. "Har matan gidan, ban da mu uku. Sai a ajiye mana kwano a ɗaki kamar yara."

"Idan na zauna kusa da ke fa?"

"Da azuminki?"

"Da azumina."

Munawwara ta miƙe kawai ta kama hanyar da suka biyo, Tani ta bi ta. A hanya sau biyu tana tsayawa ta dafa bango saboda jiri.

Malam Sulle ya koma Jajaye shi kaɗai da buhun a naɗe a hammata. Sista ta ba Tani katifa a ɗakin Zuwaira, ta ce ta yi mako guda. Ta yi kwana goma sha tara. Da safe tana taya Zuwaira aiki a kicin, inda ta ga ana auna shinkafa da ƙaramin kofi, ana auna mai da cokali, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Idan sha biyu da rabi ta yi sai ta ɗauki tabarma ta shiga ɗakin da ake ba su ukun abinci.

Ranar farko faten wake aka kawo, rabin kwano. Munawwara ta yi minti arba'in a kansa. Tana ɗaukar cokali ta ajiye, ta tura waken gefe, ta jawo shi. Hawaye yana zuba a cikin kwanon. Tani tana zaune da carbi, maƙogwaronta a bushe, ƙamshin manja yana shigar mata hanci, tana kallon 'yarta baliga tana cin abinci da rana a watan azumi, kuma addu'ar da take yi a ranta ita ce Allah ya sa ta cinye. Wani lokaci sai ta ji kamar ta yi istigfari, sai ta rasa a kan me. Da aka gama suka zauna awa gudan nan ta rufe banɗaki, Munawwara tana jijjiga ƙafa tana cewa cikinta zai fashe, Tani tana ba ta labarin rigimar da aka yi a kan injin niƙan unguwarsu.

Ba kullum ake cinyewa ba. Akwai ranar da ta kifar da kwanon ta ce uwarta ta tafi gida ta daina gadinta. Akwai ranar da Tani ta ga ta ɓoye ƙosai a cikin hijabi, ta rasa ko ta faɗa ko ta yi shiru, ta wuni da abin a ranta, da la'asar ta je ta gaya wa Sista, Munawwara ta kwana biyu ba ta yi mata magana ba. Da yamma idan an sha ruwa kuwa tare ake ci gaba ɗaya, masu azumi da marasa azumi, kowa da ma'auninsa, sai Tani kaɗai aka bari ta zuba yadda take so. Sai ta ga ita ma ta kasa cika kwanonta.

Munawwara ta yi salla ƙarama a Karaye. Sai bayan babbar salla aka sallame ta, da sharaɗin za ta riƙa komawa ganin likita duk mako biyu. Ta dawo Jajaye da takarda mai jerin lokutan cin abinci, Tani ta sa aka manna ta a bangon rumfa duk da ba ta iya karantawa. Da kaka, lokacin da aiki ya yi yawa ido ya ɗauke daga kan Munawwara, ta sha kwalba ɗaya. Ita ta faɗa da bakinta washegari, ta ce a kai ta Karaye, ta yi kwana goma ta dawo. Da aka koma makaranta a sabon zango hedimasta ya karɓe ta, aka ba ta 'yan aji biyu. Matar Yusha'u ce take zama da ita a ci abincin rana.

Mutanen gari sun san ta yi jinya, ba su san ta mece ce ba. Wasu sun ce aljanu, wasu sun ce ciwon ciki, Tani ba ta gyara wa kowa ba, don ko ta so ba ta san ta inda za ta fara ba.

Wata rana suna tsigar gyaɗa a gona ita da Malam Sulle, ya dakata ya ce, "Wai yanzu ta warke ne, ko da saura?"

"Na tambayi Sista. Ta ce a daina tambaya tukuna."

"Har yaushe?"

"Ba ta faɗa ba."

Ya jinjina kai, ya jawo wani damin gyaɗar ya ajiye a tsakaninsu, suka ci gaba da tsiga.